Idan manhaja ta gaza, ta faɗi gaskiya da baki ɗaya

Ranar Talata, 18 ga Nuwamban 2025, da misalin ƙarfe 12:20 na rana agogon Najeriya da Nijar, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka ƙi buɗewa. X ya tsaya, ChatGPT ya tsaya, haka ma tarin ƙananan shafuka na kasuwanci da labarai. Duk wanda ya ƙwanƙwasa sai a nuna masa lamba 500. Abin da ya haɗa waɗannan shafuka shi ne Cloudflare, kamfanin Amurka wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar na shafukan duniya ke bi ta cikin na'urorinsa. Da farko injiniyoyin kamfanin sun zaci hari aka kawo musu. Ashe ɓarnar daga cikin gida take. Wani gyara da aka yi a rumbun bayanai ya sa wani fayil, wanda ake sabuntawa duk bayan minti biyar, ya ninka girmansa. Manhajar da ke karanta fayil ɗin an gina ta ne ta ɗauki abubuwa 200, alhali kusan 60 ake amfani da su yau da kullum. Da aka wuce iyakar, manhajar ta gane, ta kuma ba da sanarwar kuskure yadda ya kamata. Amma layin da ya karɓi sanarwar an rubuta shi bisa zaton cewa kuskure ba zai zo ba, sai aikin ya kife ɗungurungum. An kwashe fiye da awa uku kafin yawancin zirga-zirga ta dawo daidai.

Wata biyar kafin nan, ranar 12 ga Yuni, irin wannan ta faɗa wa Google Cloud. Ranar 29 ga Mayu aka ƙara wani sabon sashe a manhajar da ke tantance buƙatun abokan hulɗa. Ya zauna shiru har mako biyu, sai aka shigar da wani bayani mai gurabe da ba a cike ba. Sashen bai san yadda zai yi da gurbin da babu komai a cikinsa ba, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, kuma cikin daƙiƙoƙi bayanin ya bazu zuwa cibiyoyin kamfanin a duk faɗin duniya. Rahoton da Google ya fitar da kansa ya amsa cewa sabon sashen ba shi da tanadin da ya dace na kula da kuskure.

Waɗannan kamfanoni ne masu ɗaukar gwanayen injiniyoyi da albashi mai tsoka. Idan haka ta same su, ina ga shafin biyan kuɗin makaranta, ko na ɗaukar ma'aikata, ko manhajar ƙungiyar adashe da aka haɗa cikin gaggawa? Akwai abubuwa uku a cikin kowace manhajar intanet da ba a gani da ido, ba a kuma nuna su ranar bikin ƙaddamarwa: yadda ake rarraba buƙatun jama'a zuwa inda za a biya su, abin da ake yi idan aiki ya lalace, da fasalin amsar da ake mayarwa. Kowanne daga cikinsu ya kamata a yanke hukuncinsa sau ɗaya, a rubuta shi a wuri ɗaya, kowane sashe ya bi. Inda aka bar kowane ɗan layi yana yanke nasa hukuncin, wanda ke riƙe da waya ne ke kwana a ciki.

Yadda aikin yake ba shi da wuyar ganewa. Duk lokacin da mutum ya danna wani abu a wayarsa, wayar na aika buƙata zuwa wata kwamfuta mai nisa da ake kira saba. Buƙatar na ɗauke da adireshi da irin aikin da ake so: GET idan karantawa za a yi, POST idan za a shigar da sabon abu, DELETE idan gogewa ne. Sabar kuma ta mayar da amsa, a goshinta da lamba mai alƙaluma uku. Wannan ƙa'ida ita ce HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya assasa a cibiyar bincike ta CERN, aka rubuta ta a hukumance a 1996, aka kuma sake tace ta a 2022. Lambobin dangi-dangi ne. 'Yan gidan 200 na nufin an yi nasara. 'Yan gidan 300 na cewa a koma wani adireshin. 'Yan gidan 400 na nuna matsalar daga wajen mai tambaya take: 401 bai gabatar da kansa ba, 403 an san shi amma ba shi da izini, 404 abin da yake nema babu shi, 429 ya cika yawan tambaya. 'Yan gidan 500 kuwa sabar ce ke amsa laifinta. Shekara talatin ke nan burauza da manhajojin waya da injunan bincike suna jin wannan yare, kuma duk wanda ya bi shi ya samu fahimtarsu kyauta.

A fara da rarraba buƙatu. A tashar mota mai tsari, fasinja ta ƙofa ɗaya yake shiga, a nuna masa layin Zariya ko na Katsina, ya yanki tikiti a tebur ɗaya, kuma idan kayansa sun ɓace ya san ofishin da zai kai ƙara. Inda kowane direba ke lodi a bakin titi, ko shugabannin tashar ba su san yawan motocin da suka tashi ba. Haka manhaja take. Idan an tara dukkan adireshinta a jeri ɗaya, mutum zai iya zama ya karanta su cikin minti goma, ya ga wacce ƙofa ce a buɗe ga kowa, wacce ke buƙatar kalmar sirri, wacce ta shugabanni ce kawai. Idan kuwa an warwatsa su cikin fayil hamsin, kowanne da nasa binciken izinin da aka kwafo aka liƙa, to wata rana za a manta da guda.

Mantuwar nan tana da tsada. A watan Mayun 2019 ɗan jarida Brian Krebs ya bankaɗo cewa kamfanin inshora na First American a Amurka ya bar takardu kusan miliyan 885 a fili, har da bayanan asusun banki. Ba sai an yi kutse ba. Wanda ke da adireshin takarda ɗaya, ya sauya lamba guda a cikinsa, sai takardar wani ta buɗe masa. A Satumban 2022 aka sace bayanan mutane fiye da miliyan 9 daga kamfanin sadarwa na Optus a Ostareliya. Hukumar sadarwar ƙasar ta shaida wa kotu cewa wani kuskure a rubutun manhaja ne ya kashe binciken izini, an gano shi an gyara a babban shafin kamfanin, amma aka bar shi a wani tsohon adireshi da ba a amfani da shi, ba a kuma rufe ba. Duka biyun da wuya su faru inda aka ɗora mai gadi guda a kan rukunin ƙofofi gaba ɗaya, ta yadda kowace sabuwar ƙofa za ta zo a kulle sai an buɗe ta da gangan.

Ko jerin da aka bi wajen rubuta adireshi yana iya yin ɓarna. A ɗauki shafin wata makaranta mai adireshi biyu. Na farko shi ne /dalibai/ sai lambar ɗalibi, kamar /dalibai/417. Na biyu shi ne /dalibai/sabo, inda ake yi wa sabon ɗalibi rajista. A tsare-tsare irin su Express da FastAPI, adireshin da aka fara rubutawa shi ake fara gwadawa. Idan mai lambar ne a sama, sai sabar ta ɗauki kalmar sabo a matsayin lambar wani ɗalibi, ta shiga rumbu nemansa, ta dawo ta ce babu shi. Magatakarda na zaune gaban kwamfuta, iyaye sun yi layi a bakin taga, shafin rajista ya ƙi buɗewa, alhali layi biyu ne kawai aka sa na sama a ƙasa. Masu harshen rubuta manhaja na Go sun magance wannan a fitowa ta 1.22, a Fabrairun 2024: adireshin da ya fi ƙayyadewa shi ke cin nasara ko a ina aka rubuta shi, kuma idan biyu suka yi karo ta yadda ba za a iya bambancewa ba, manhajar za ta ƙi tashi tun a hannun mai rubuta ta. Gara ta ƙi tashi a ofis da ta ruɗe a gaban jama'a.

Na biyu shi ne kula da kuskure, kuma a nan ne hujja ta fi ƙarfi. A 2014 Ding Yuan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto suka binciki tangarɗa 198 da aka samu a manyan manhajoji biyar, wato Cassandra da HBase da HDFS da MapReduce da Redis. Daga ciki 48 munana ne, irin waɗanda ke tsayar da komai ko su lalata bayanai. Abin da suka gano shi ne kashi 92 cikin 100 na munanan sun faro ne daga ƙaramin kuskure da manhajar ta riga ta gane, amma aka yi masa riƙon sakainar kashi. A kashi 35 cikin 100 sakacin a bayyane yake: ko an bar wurin kula da kuskuren babu komai, ko an rubuta shi a rajista an wuce, ko an kashe komai saboda ƙaramin abu, ko kuma mai rubutun ya bar wa kansa saƙon cewa zai dawo ya gyara, bai dawo ba.

Dalilin ba lalaci ba ne kawai. Hanyar nasara guda ɗaya ce, kuma ita ake gwadawa kullum. Hanyoyin faɗuwa kuwa ba su ƙirguwa: rumbu bai amsa ba, banki ya yi jinkiri, an turo suna a gurbin lamba, fayil ya yi girma, wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu. Idan aka ce kowane sashe daga cikin ɗari biyu sai ya rubuta nasa maganin ga kowace irin faɗuwa, gajiya za ta ci ƙarfin mai rubutu, ya fara kwafe, daga nan ya fara tsallakewa. Mafita ita ce a sauke masa wannan nauyi. Aikin kowane sashe ya tsaya ga faɗin abin da ya faru: ba a samu ɗalibin ba, kuɗin bai isa ba, banki bai amsa ba. Sannan a samu wuri guda da ke karɓar dukkan waɗannan, ya zaɓi lambar da ta dace, ya rubuta a rajista, ya tsara amsa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a 2011 Andrew Gerrand na ƙungiyar masu gina Go ya nuna yadda ake yi: kowane sashe ya mayar da kuskurensa sama, wani ɗan rubutu guda ya juya shi zuwa amsa. Express, wanda TJ Holowaychuk ya fitar a 2010, yana da irin wannan wuri, sai dai da tarko biyu da suka kama mutane da yawa. Na farko, Express na gane mai kula da kuskure ne ta hanyar ƙirga abubuwan da yake karɓa: huɗu ne cif. Wanda ya ga na huɗun ba ya amfani da shi ya goge, to ya mayar da shi sashe na yau da kullum, kurakurai su riƙa wuce shi ba ko sallama. Na biyu, a fitowa ta 4 wadda aka yi shekara goma ana amfani da ita, kuskuren da ya taso daga aikin da ake jira, kamar tambayar rumbu, ba ya isa wurin da kansa. Buƙatar sai ta rataye, waya na ta juyi ba amsa. Tun daga fitowa ta 15 ta Node.js, wanda Express ke gudana a kansa, a 2020 kuma irin wannan kuskure na iya kashe sabar kacokan. Sai a fitowa ta 5 ta Express, a 2024, aka toshe wannan ɓaraka. Duk wanda ke riƙe da tsohuwar manhaja ya kamata ya san a wace fitowa yake.

Kowane kuskure yana da masu sauraro biyu, kuma abin da za a gaya musu ya bambanta. Mai waya na buƙatar jimla ɗaya da zai gane, da abin da zai yi yanzu, da wata lambar bibiya da zai karanta wa ma'aikaci idan ya kira. Injiniya na buƙatar komai: wane layi, wane lokaci, wace buƙata. Lambar bibiyar ita ce ke haɗa su. Idan aka juya lamarin, mai waya ya ga cikin manhaja, to an ba ɓarawo taswirar gida. Duk wanda ya taɓa cin karo da shafin kuskure na tsarin Django mai ruwan ɗorawa, cike da sunayen fayiloli da saituna, ya ga manhajar da aka saki ga jama'a ba tare da an kashe yanayin gwaji ba. A 2015 ta wani shafin gwaji da aka bari a buɗe aka kutsa wa kamfanin Patreon, aka kwashi bayanan masu amfani da shi fiye da miliyan 2. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet, ta ware wa sakaci da kuskure gurbi na kansa a jerinta na 2025.

Na uku shi ne amsa mai fasali ɗaya, kuma babu wanda ya san darajarta kamar mai POS. A ƙarƙashin lemarsa a bakin kasuwa, ya zura kati, abokin ciniki ya sa lambar sirri, na'ura ta tofo rasit. Kafin ya karanta komai, idonsa na kan alƙaluma biyu. Idan 00 ne, ya ƙirga kuɗi ya miƙa. Idan 51 ne, ya ce, "Alhaji, kuɗin da ke ciki bai kai ba." Idan 55 ne, lambar sirri aka kuskure, a sake. Idan 91 ne, ya ce, "Hajiya, bankinki ne ba ya amsawa, a ɗan jira ko a kawo wani katin." Bai yi karatun kwamfuta ba, amma yana yanke hukunci daidai cikin daƙiƙa guda, domin waɗannan lambobi na ƙa'idar ISO 8583 ma'anarsu ɗaya ce ko katin wane banki aka zura. Da kowane banki na da nasa lambobin, da sana'ar ba ta yiwu ba.

Yawancin manhajojin intanet ba su kai rasit ɗin nan tsari ba. A manhaja guda sai a ga wani sashe ya mayar da kuskure a matsayin jimla, wani a matsayin jeri, wani ya turo shafi guda na rubutu inda ake jiran bayanai. Mafi muni shi ne wanda ke mayar da 200, alamar nasara, alhali a ciki an rubuta cewa aiki ya gaza. Na'urorin sa ido za su nuna komai lafiya, shugabanni su ga allo kore shar, jama'a kuma na ta kira suna kuka. Mai haɗa manhajar waya, wanda sau da yawa wani mutum ne daban a wani gari, dole ya rubuta dabara ta musamman ga kowane sashe. Idan ya gaji, sai ya rufe duka da jimla ɗaya: an samu matsala, a sake gwadawa.

Wannan jimla, a sake gwadawa, ita ce ke cinye kuɗin mutane. A harkar biya sakamako uku ne, ba biyu ba: an yi nasara, an gaza, ko ba a sani ba tukuna. Idan saba ta aika wa banki umarni, amsa ba ta dawo kan lokaci ba, ba ta da hurumin cewa an gaza, domin mai yiwuwa kuɗin ya riga ya fita. Wanda aka ce masa an gaza zai sake dannawa, a cire masa sau biyu. Duk wanda ya rayu a Najeriya a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san wannan kuka: an cire, bai shiga ba. Cunkoso ne ya durƙusar da manhajojin a lokacin, kuma cunkoso na iya kayar da kowa. Amma abin da manhaja ke faɗa a lokacin da take durƙushe zaɓin masu rubuta ta ne. Babban Bankin Najeriya ya sa ƙa'ida a 2020 cewa a warware cinikin POS ko na intanet da ya gaza cikin awa 72. Awa 72 ba ƙaramin lokaci ba ne ga wanda kuɗin cefanensa ke nan.

Akwai maganin da aka daɗe da sani. Kamfanin Stripe na barin kowace buƙatar biya ta zo da lambar shaida tata. Idan buƙata mai lamba ɗaya ta iso sau biyu, ba a sake cire kuɗi, sai a mayar da amsar farko, kuma ana ajiye lambar aƙalla awa 24. Paystack, wanda aka kafa a Legas kuma Stripe ya saya a 2020, na ƙin karɓar lambar ciniki da aka riga aka yi amfani da ita, kuma amsoshinsa na zuwa da sassa uku a tsaye: matsayi, saƙo, da bayanai. Takardun kamfanin ma na jan kunne a kan wani abu: matsayin waje na nufin tambayar ta isa lafiya, matsayin cinikin kansa yana ciki. Wanda ya karanta na wajen kawai zai iya sakin kaya a kan kuɗin da bai shiga ba. Irin wannan bambanci ana koyonsa sau ɗaya ne idan fasalin amsa bai sauyawa.

Ba sai kowa ya ƙirƙiro nasa fasalin ba. A 2016 Mark Nottingham da Erik Wilde suka rubuta ƙa'idar RFC 7807, aka sabunta ta a 2023 da lamba 9457. Ta tanadi gurabe biyar ga kowane kuskure: irinsa, takensa, lambarsa, bayanin wannan karon, da alamar da ke nuna wane karo ne. Tsare-tsaren Spring da ASP.NET Core duk suna ɗauke da ita a shirye. Akwai kuma wata riba da ta shafi masu magana da Hausa kai tsaye. Idan kowane kuskure yana da tsayayyen suna, manhajar waya za ta iya nuna shi da Hausa a Kano, da Faransanci a Yamai, da Kanuri a Maiduguri, ba tare da an taɓa sabar ba. Idan kuwa jimlolin Turanci ne da kowane injiniya ya rubuta yadda ya ga dama, babu mai fassarar da zai iya bin su, kuma dattijuwar da ke son tura wa jikanta kuɗin makaranta sai ta nemi mai karanta mata.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, tara iko a wuri ɗaya na nufin idan wurin ya fashe, komai ya fashe. A Maris ɗin 2025 aka gano cewa a tsarin Next.js mutum na iya tsallake shingen binciken izini gaba ɗaya ta hanyar ƙara wani ɗan rubutu a kan buƙatarsa. Wannan gaskiya ne, kuma darasinsa shi ne bayanai masu muhimmanci su sami bincike na biyu a daidai inda ake ɗauko su. Amma a lura da yadda aka warke: gyara guda aka fitar, kowa ya sabunta. Da ɓarakar a warwatse take cikin sassa ɗari biyu, da har yau ana nemansu.

Na biyu, akwai manyan tsare-tsare da ba sa bin lambobin HTTP sau da ƙafa. GraphQL, wanda Facebook ya saki a 2015, kan mayar da 200 ya sa kurakurai a wani gurbi na musamman, Slack ma na da irin wannan al'ada. GitHub kan ce 404 a inda ake zaton 403, da gangan, don kada baƙo ya san ma akwai abin da aka ɓoye. Abin da ya haɗa su shi ne sun zaɓa, sun rubuta, sun tsaya a kai, kuma masu hulɗa da su sun san inda za su duba. Zaɓin da aka yi da sani daban yake da ruɗanin da ya taru saboda mutum biyar sun yi aiki ba su taɓa zama tare ba.

Na uku shi ne kuɗi da lokaci: kwangilar ƙarama ce, mai aikin na gaggawa. To amma Django da Laravel da Rails da Flask duk sun zo da jerin adireshi da wurin kula da kuskure a cikinsu. Aikin kwana ɗaya ne a farkon gini. Bayan shekara biyu, manhajojin waya sun riga sun dogara da tsohon ruɗanin, gyaran ya zama na watanni. Abin da kawai za a kiyaye shi ne kada sauƙaƙawa ta koma haɗiye kuskure. Wurin da ke kama komai ya mayar da "an samu matsala" ba tare da ya rubuta ko ya bambance ba, shi ne ainihin cutar da binciken Toronto ya gano.

Nauyin bai tsaya kan masu rubuta manhaja ba. Masu koyarwa a jami'o'i da cibiyoyin horo, har da shirin 3MTT da gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2023, ya kamata su riƙa ba da maki a kan yadda aikin ɗalibi ke faɗuwa, ba yadda yake tafiya kawai ba. Shugaban makaranta ko asibiti ko ma'aikata da zai sa hannu a biya ɗan kwangila kuma ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya gwada aikin. Ya ce a buga masa jerin dukkan adireshin manhajar, abin da a Laravel ko Rails ko Flask umarni guda ke fitar da shi, a kuma nuna masa waɗanda ke buɗe ba kalmar sirri. Ya shiga da asusun ɗalibi ɗaya, ya sauya lambar da ke adireshin, ya ga ko takardar wani za ta buɗe. Ya danna maɓallin biya sau biyu a jere, a duba sau nawa aka cire. Sannan ya ce a kashe rumbun bayanai a gabansa, ya karanta abin da wayar ta rubuta, ya ba injiniyan lambar bibiyar da ta fito, ya ga ko zai nemo ta a rajista kafin a tashi daga zaman.